Benjamin Britten: Mawallafin kiɗan da ya auna ayyukansa da muryar mutum ɗaya

A shekarar 1953 hukumar Birtaniya ta aika wa Benjamin Britten saƙo biyu masu karo da juna. Na farko daga fada ya fito. An sanya sunansa cikin ƙalilan ɗin mutanen da ake bai wa lambar girma ta Companion of Honour, sannan a ranar 8 ga Yuni, kwana shida bayan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, aka buɗe sabon wasansa mai suna Gloriana a zauren Covent Garden da ke Landan, Sarauniya da manyan baƙinta na zaune suna kallo. Saƙo na biyu kuwa 'yan sanda ne suka kai masa da ƙafarsu.

A lokacin, Ministan Harkokin Cikin Gida, Sir David Maxwell Fyfe, ya matsa wa 'yan sanda lamba su riƙa aiki da tsohuwar dokar da ta haramta tarayya tsakanin maza. Shekara ɗaya kafin nan kotu ta samu Alan Turing da wannan laifi, duk da cewa shi ne masanin lissafin da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin sojojin Jamus a lokacin yaƙi. A Oktoban 1953 aka kama fitaccen ɗan wasan kwaikwayo John Gielgud. Shi kuma Britten ya yi shekara goma sha huɗu yana zaune da wani mawaƙi mai suna Peter Pears, zaman da duk wanda ke harkar kiɗa a Landan ya san ko wane iri ne. Ba a kama shi ba, ba a kuma gurfanar da shi ba. Amma ziyarar ta tayar masa da hankali har ya kai kukansa ga mataimakiyarsa, Imogen Holst, yana tunanin ko Pears zai yi auren rufa-ido da wata mace don maganar ta mutu. Ba a yi auren ba. Mutanen biyu suka ci gaba da zama gida ɗaya na tsawon wasu shekaru ashirin da uku, har mutuwa ta raba.

Mai karatu a Gumel ko Gagarawa ba ya buƙatar a gaya masa matsayin wannan al'amari a nan. Addini ya haramta luwaɗi, al'ada ta ƙyamace shi, dokar Shari'a da Jihar Jigawa ta ɗauka a 2000 ta tanadar masa hukunci mai tsanani, haka ma dokar tarayya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a Janairun 2014, wadda ta yanke ɗaurin shekara 14 a kan auren jinsi. Abin da ba kowa ke tunawa ba shi ne, Ingilar zamanin Britten ma haramta shi ta yi, kuma daga hannunta irin wannan sashe ya shiga kundin dokokin ƙasashen da ta mulka, ciki har da sashe na 284 na dokar Penal Code ta Arewa. Britten ya rayu ne a ƙasar da ke ɗaukar zamansa na cikin gida a matsayin laifi, alhali tana tinƙaho da shi a matsayin babban mawallafin kiɗanta. Wanda kuma ya cire Pears daga tarihinsa don ya tsabtace labarin, to ya cire dalilin da ya sa aka rubuta mafi yawan manyan ayyukansa.

Mai rubutu daban, mai murya daban

A ƙasar Hausa, wanda ya ƙagi waƙa galibi shi ke rera ta. Narambaɗa, Ɗanƙwairo da Shata, kowannensu shi ne mai tsarawa kuma shi ne mai murya, 'yan amshi na biye da shi. Masu tambari da kakaki da algaita a ƙofar fada kuwa da kunne suke gadon abin da suke bugawa, daga uba zuwa ɗa. A tsohon kiɗan Turai da ya taso daga coci da fadojin sarakuna, aikin a rabe yake. Mawallafi na zama a tebur da fensir, ya zana kowane sauti a kan layuka biyar, ya fayyace tsawonsa da ƙarfinsa da wanda zai busa shi ko ya goga shi. Takardar nan bebiya ce har sai wani ya ɗauka ya rera. Saboda haka mawallafi kullum yana hannun maƙogwaron wani. Wanda ya dace da mawaƙi ɗaya na tsawon rai ya zama kamar maɗinkin da ya yi shekara arba'in yana yi wa mutum ɗaya ɗinki, ya san faɗin kafaɗarsa, ya san inda riga ke matse shi, ba sai ya sake ɗauko magwaji ba.

An haifi Edward Benjamin Britten ranar 22 ga Nuwamba, 1913 a Lowestoft, garin masunta da ke bakin tekun gabashin Ingila, cikin yankin Suffolk. Shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa likitan haƙori ne. Mahaifiyarsa, Edith, mai sha'awar waƙa ce, kuma tun yaron bai gama wayo ba ta sa wa ranta cewa zai shiga sahun Bach da Beethoven da Brahms. Yana wata uku da haihuwa ciwon huhu ya kusa kai shi kushewa, ya bar masa rauni a zuciya. Yana shekara goma ya ji an buga wani kiɗa mai suna The Sea na Frank Bridge a birnin Norwich, abin ya tsaya masa a rai. Daga baya Bridge ɗin ya karɓe shi almajiri. Malami ne mai tsanani, wanda kan riƙe yaro sa'o'i a kan 'yan layuka kaɗan, kuma mai ƙin yaƙi ne tun daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Britten ya gaji duka biyun daga gare shi, wato tsantseni a sana'a da ƙyamar ɗaukar makami.

Ya yi karatu a Royal College of Music daga 1930 zuwa 1933. A 1935 ya samu aikin rubuta kiɗa ga sashen shirya fina-finai na hukumar gidan waya, inda ya koyi yin aiki da sauri da makaɗa kaɗan. A nan ya haɗu da marubucin waƙa W. H. Auden, wanda ya fi shi shekaru da baki, kuma ya riƙa zungurar sa kan yawan kunyarsa da gudun abin da ya san yana ransa.

Shekarar 1937 ce ta sauya komai. A Janairu mahaifiyarsa ta rasu. A Afrilu wani abokinsa marubuci, Peter Burra, ya mutu a hatsarin jirgin sama, sai aikin tattara takardun mamacin ya faɗa wa Britten da wani abokin mamacin. Wannan abokin shi ne Peter Pears, wanda aka haifa a 1910, ya yi shekara ɗaya a Jami'ar Oxford bai ci jarrabawa ba, ya koyar a makarantar yara, sannan ya shiga ayarin mawaƙan gidan rediyon BBC. Muryarsa a lokacin ƙarama ce, babu wanda zai yi hasashen za ta cika babban zaure. Sai dai waɗanda suka san Edith Britten, ciki har da 'yar'uwar mawallafin, sun ce muryar Pears ta yi kama da tata ƙwarai. A 1938 su biyun suka kama hayar gida ɗaya a Landan, a matsayin abokai.

Daga Grand Rapids zuwa gaban kwamiti

A Afrilun 1939, gajimaren yaƙi na haɗuwa a Turai, suka shiga jirgin ruwa zuwa Kanada, daga nan suka tsallaka Amurka. A watan Yuni, a garin Grand Rapids na Jihar Michigan, abota ta koma soyayya. Su da kansu suka tabbatar da haka, domin sunan garin ya ci gaba da fitowa a wasiƙunsu har tsufa a matsayin inda abin ya fara. Sun samu masauki a Amityville, kusa da New York, a gidan wani likita ɗan gudun hijira daga Jamus, William Mayer, da matarsa Elizabeth. Pears ya duƙufa neman darasin murya, kuma a waɗannan shekaru muryar ta buɗe.

A 1940 Britten ya rubuta masa jerin waƙoƙi na farko da aka yi domin shi kaɗai. Ya zaɓi baitoci bakwai na Michelangelo, shahararren mai zane da sassaƙa na Italiya, waɗanda wasunsu shi ma wani saurayi ya rubuta wa. Britten ya bar su cikin Italiyanci, harshen ya zame musu labule. A Satumban 1942 suka gabatar da su a zauren Wigmore Hall na Landan, Pears na rerawa, Britten na kaɗa fiyano. Mutum biyu suka tsaya gaban jama'a, ɗaya na rera wa ɗaya baitocin bege, masu sharhi a jaridu suka yaba daɗin kiɗan suka kawar da kai daga ma'anar. Ana ganin wuyan biri ake ɗaure shi a ƙugu. Haka Ingila ta ci gaba da yi da su har shekara talatin da huɗu.

Dawowarsu gida kafin wannan gabatarwa ba ta zo da sauƙi ba. A Ingila an riƙa sukar Britten cewa ya tsere ya bar ƙasarsa cikin ruwan bama-bamai. A 1941, yana Jihar Kalifoniya, ya karanta wata maƙala ta E. M. Forster a kan George Crabbe, tsohon marubucin waƙa ɗan garin Aldeburgh da ke yankinsu na Suffolk, sai kewar gida ta kama shi. A bazarar 1942 suka ƙetare Tekun Atlantika cikin wani jirgin dakon kaya na ƙasar Sweden, lokacin da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus ke nutsar da irinsa. Da isarsu suka gurfana gaban kwamitin da ke sauraren masu ƙin shiga soja saboda aƙida. Da farko an ce Britten ya yi aikin soja wanda ba na riƙe bindiga ba. Ya ɗaukaka ƙara, aka yafe masa gaba ɗaya. Shi ma Pears an yafe masa. Daga ranar suka ɗauki tambari biyu a idon jama'a, ɗaya ana faɗa a fili, ɗaya ana raɗa.

Masuncin da gari ya kora

Daga littafin Crabbe Britten ya ɗauko labarin da ya ɗaga sunansa. Peter Grimes ofera ce, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi tun daga farko har ƙarshe, babbar ƙungiyar makaɗa na raka 'yan wasa. Grimes masunci ne marar abokai. Yaron da ke koyon aiki a hannunsa ya mutu a teku, mai bincike ya wanke shi, amma tsegumin gari bai wanke shi ba. Ya ɗauki wani yaron, shi ma ya faɗo daga kan gangaren dutse ya mutu. Gari ya fito farautarsa. A ƙarshe wani tsohon matuƙin jirgi ya ba shi shawara ya tura kwalekwalensa can cikin teku ya nutsar da shi. Washegari mutane suka fito harkokinsu kamar ba a yi komai ba.

An buɗe wasan ranar 7 ga Yuni, 1945 a zauren Sadler's Wells, wata ɗaya bayan ƙarewar yaƙi a Turai. Wasu daga cikin 'yan ƙungiyar sun yi ta gunaguni tun a wajen gwaji, saboda ba su so a buɗe zauren da aikin mutanen da suka ƙi zuwa fagen daga. Duk da haka wasan ya karɓu fiye da zato, ya zagaya manyan biranen duniya, aka riƙa cewa Ingila ba ta samu irinsa ba tun mutuwar Henry Purcell a 1695.

Pears ne ya fito a matsayin Grimes, kuma a nan ake ganin aikin maɗinki. Akwai wani sauti guda a saman muryarsa inda ta fi laushi da tsabta, wurin da yawancin mawaƙa maza ke shan wahala. A fitowar da Grimes ya shigo mashaya cikin hadari yana sambatu a kan taurari, Britten ya dasa waƙar a kan wannan sauti ɗaya, ya bar ta a can na tsawon lokaci ba ta motsi. Duk wanda ya rera Grimes daga baya sai ya shiga rigar da aka yanka wa wani.

Britten da Pears sun danganta labarin da halin da masu ƙin yaƙi suka shiga, mutum ɗaya a gaban taro. A 1977 wani masani, Philip Brett, ya fito fili ya ce akwai ɗaya tambarin ma a ciki. Fassarar tana da ƙarfi, amma ba ta rufe komai ba, domin Grimes ba salihi ba ne. Yana dukan yaran da aka damƙa masa. Britten bai wanke shi ba, bai kuma wanke garin ba.

A Yulin 1945 ya raka mai goge Yehudi Menuhin zuwa Jamus, suka yi wa waɗanda suka tsira daga sansanonin 'yan Nazi kiɗa, har da na Bergen-Belsen. Abin da ya gani a can ya ƙi yin maganarsa sai dab da mutuwarsa.

Fadar Aldeburgh da gawarwakinta

A 1947 suka tare a Aldeburgh, garin da mazaunansa ba su kai dubu uku ba, adadin da wani lungu na kasuwar Maigatari zai haɗiye ranar Alhamis. A 1948, tare da Eric Crozier, suka kafa bikin kiɗa na shekara-shekara a garin, wanda har yau ake yi. A 1957 suka koma wani gida a bayan gari mai suna Red House, saboda masu leƙe sun dame su a na bakin teku.

Daga nan ayyuka suka yi ta fitowa, kusan kowanne da gurbin Pears a ciki. Shi ne saurayin da uwa ta danne a Albert Herring na 1947. Shi ne Kyaftin Vere a Billy Budd na 1951, wasan da babu mace ko ɗaya a cikinsa, inda shugaban jirgin yaƙi ke barin a rataye matashin da ya san zuciyarsa fara ce, saboda doka ta ce a rataye. Shi ne fatalwar Quint a The Turn of the Screw na 1954. Bayan doguwar tafiyar da suka yi zuwa Bali da Japan a 1955 da 1956, Britten ya rubuta Curlew River, inda Pears ya sanya abin rufe fuska ya fito a matsayin mahaukaciyar da ke neman ɗanta. Ba kowa ke son muryar ba. Wasu sun ce busasshiya ce, wasu sun ce a matse take, masu barkwanci sun sha kwaikwayonta. Amma babu mai musun yadda yake fitar da kalma da ma'anarta, kuma faifan Winterreise na Schubert da suka ɗauka tare a 1963 har yanzu ana nemansa.

Zaman bai rasa saɓani da kishi ba. Pears mai son tafiya ne da shiga jama'a, Britten mai son zama gida ne da tsarin lokaci kamar ɗan makarantar kwana. Yawan rabuwar da sana'a ta jawo musu shi ya haifar da wasiƙun da masu tarihi ke dogaro da su yau.

Akwai kuma ɓangaren da masoyansa ba sa son a daɗe a kai. Britten ba ya jure suka, kuma idan ya gama da mutum ya gama. Auden, da Montagu Slater wanda ya rubuta kalmomin Peter Grimes, da Crozier da suka kafa biki tare, duk sun wayi gari an rufe musu ƙofa. A Aldeburgh har suna ake da shi na irin waɗannan mutane, ana ce musu gawarwaki. Abu mafi nauyi shi ne shaƙuwarsa da yara maza 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha huɗu, waɗanda yakan jawo jiki, ya rubuta musu kiɗa, wasu ma su kwana a gidansa. Ɗan jarida John Bridcut ya bi sawun da yawa daga cikinsu bayan sun manyanta, ya fitar da fim a 2004 da littafi a 2006. David Hemmings, wanda ya fito a The Turn of the Screw yana shekara goma sha biyu kuma daga baya ya zama tauraron fim, ya ce ya san Britten na ƙaunarsa amma bai taɓa neman sa da lalata ba. Sauran ma haka suka shaida, ban da zargin mutum ɗaya da ya ce tun kafin yaƙi Britten ya nufe shi da abin da bai yarda da shi ba, ya yi ihu ya bar gidan. Hemmings ya ƙara da cewa ranar da muryarsa ta fashe, ranar Britten ya daina kula shi. Ko an ɗauki shaidar mafi rinjaye, kulawar da ke yankewa da zarar yaro ya balaga abin tambaya ce, kuma shahara ba ta share tambaya.

Sarauniya a teburin masu laifi

Ranar 30 ga Mayu, 1962 aka gabatar da War Requiem a sabon babban cocin Coventry, wanda aka gina kusa da kangon tsohon da jiragen Jamus suka ƙona a Nuwamban 1940. Britten ya cakuɗa addu'ar mamata ta Latin da baitocin Wilfred Owen, sojan da aka kashe mako ɗaya kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya tsara aikin ga mawaƙa uku daga ƙasashe uku da suka gwabza: Pears daga Ingila, Dietrich Fischer-Dieskau daga Jamus, da Galina Vishnevskaya daga Tarayyar Sobiyet. Hukumomin Mosko suka hana ta zuwa, Heather Harper ta maye gurbinta. Da aka ɗauki faifan a 1963, wannan karon da Vishnevskaya, an sayar da kwafi 200,000 cikin wata biyar. Mutumin da aka kira matsoraci a 1942 shi ne ya rubuta wa ƙasar kukan mamatanta. A 1965 aka ba shi Order of Merit, lambar da mutum 24 kacal ke riƙewa a lokaci guda.

Tun a 1957 kwamitin Wolfenden ya ba gwamnati shawarar a daina hukunta abin da manya biyu suka yi a ɓoye da yardar juna, amma majalisa ta yi shekara goma tana jan ƙafa. Ranar 2 ga Yuni, 1967, Sarauniya ta je Suffolk ta buɗe sabon zauren kiɗa da Britten da Pears suka gina a cikin tsohon ɗakin sarrafa sha'ir na Snape, ta kuma ci abincin rana a Red House. Sai ranar 27 ga Yuli sabuwar dokar ta samu sa hannu, ga waɗanda suka kai shekara 21 a Ingila da Wales. Ke nan shugabar ƙasa ta zauna a teburin mutum biyu da dokar da ake zartarwa da sunanta ke ɗauka masu laifi, saura mako takwas a sauya ta. Sauyin bai sa Britten ya buɗe baki ba. Bai taɓa yin bayani a bainar jama'a kan zamansa da Pears ba, kafin dokar ko bayanta. A daren buɗe bikin 1969 gobara ta cinye zauren Snape, suka sake gina shi kafin bikin shekara mai zuwa.

Aikin da ya fifita a kan zuciyarsa

A farkon shekarun 1970 likitoci suka gano cewa wata ƙofar jini a zuciyarsa ta lalace, sai an yi tiyata. Britten ya ce a jira. Yana tsakiyar rubuta Death in Venice, daga littafin Bajamushe Thomas Mann, kuma Pears ya haura shekara sittin, lokacin da muryar mawaƙi ke shirin yin sallama. Labarin na wani dattijon marubuci ne da ya je birnin Venice hutu, ya ga wani kyakkyawan yaro, hankalinsa ya tafi gare shi ba tare da ya taɓa yi masa ko magana ba. Annobar kwalara ta shigo birnin, dattijon ya ƙi tashi, ya mutu a bakin ruwa. Duk wanda ya san rayuwar Britten ya san kusancin labarin da shi, kuma ya ɗora shi a bakin mutumin da ya fi kowa saninsa. Shi ne gurbi mafi tsawo da ya taɓa rubuta wa Pears, wanda kusan ba ya sauka daga dandamali, kuma shi ya sadaukar wa aikin.

Sai da ya kammala sannan ya kwanta aka yi tiyatar a Mayun 1973. A kan gadon tiyata ya samu ɗan shanyewar jiki da ta taɓa hannunsa na dama, bai sake kaɗa fiyano a gaban jama'a ba. Ranar 16 ga Yuni aka buɗe wasan a Snape babu shi a zaure. A Oktoban 1974 Pears, yana shekara 64, ya fito da wasan a Metropolitan Opera na New York, fitowarsa ta farko a wannan zaure. A Nuwamba Britten, yana jinya, ya ji muryar Pears a rediyo tana rera ɗaya daga cikin tsofaffin ayyukansa, sai ya rubuta masa wasiƙar godiya, yana mamakin abin da ya yi har ya cancanci samun irin wannan mawaƙi. Pears ya mayar da amsa daga New York cewa shi ne ya karɓa tun daga Grand Rapids, kuma shi baki ne kawai da kiɗan Britten ke magana da shi.

Ya ƙara rubuta wasu 'yan ayyuka da hannun da ba ya biyayya, ciki har da Phaedra da ya yi wa Janet Baker a 1975. A tsakiyar 1976 aka naɗa shi ɗan Majalisar Dattawan Birtaniya na tsawon rai, da sarautar Baron Britten na Aldeburgh, mawallafin kiɗa na farko da aka yi wa haka. Ya rasu a Red House da asubahin 4 ga Disamba, 1976, a hannun Pears, yana da shekara 63. Hukumomin Westminster Abbey, inda ake binne manyan ƙasa, sun yi tayin kabari. Amma ya riga ya bayyana cewa yana son a binne shi inda wata rana Pears zai kwanta kusa da shi. Sarauniya ta aika wa Pears saƙon ta'aziyya ta wayar tangaraho, irin wanda aka saba aika wa matar mamaci, kuma mutane da dama sun fassara shi a matsayin amincewar fada da abin da ba ta taɓa ambata ba.

Pears ya ƙara shekara tara da 'yan watanni. An ba shi lambar Sir a 1978. A 1980, cikin fim ɗin da Tony Palmer ya shirya kan rayuwar Britten, ya faɗi a gaban kyamara abin da suka yi shekara arba'in ba su faɗa ba. A ƙarshen wannan shekara shanyewar jiki ta raba shi da waƙa, ya koma koyar da matasa a makarantar da suka kafa tare a Snape. Ya rasu ranar 3 ga Afrilu, 1986. A 2016 aka buga wasiƙu 365 da suka rage na tsakaninsu cikin littafi ɗaya.

A maƙabartar cocin Aldeburgh kaburburan biyu na jere, da duwatsu iri ɗaya masu duhu, kowanne ɗauke da suna da shekarar haihuwa da ta mutuwa kawai. 'Yan taku kaɗan a bayansu kabarin Imogen Holst yake, wadda Britten ya kai wa kukansa a 1953.